David Warden: Ɗan Tawayen Da Kora Ta Mayar Marubuci

'Yan'uwana ɗalibai, duk lokacin da aka yi maganar gwagwarmaya a harabar nan, hankalinmu kan tafi ga ranar zanga-zanga ne kawai. Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne washegari: idan an murƙushe tafiyar, ina mutum zai sa kansa? Shi ya sa na zaɓo muku tarihin David Bailie Warden.

An haife shi a 1772 a yankin Down, arewacin ƙasar Ayilan, lokacin tana ƙarƙashin ikon Ingila. Ya yi karatu a Jami'ar Glasgow, ya dawo gida ya samu izinin yin wa'azi a coci. Sai ya shiga ƙungiyar United Irishmen, wadda ta nemi haɗa kan Katolika da Furotesta don ƙwato 'yancin ƙasarsu. Tawayen ya ɓarke a 1798, sojoji suka murƙushe shi, aka rataye da dama. Shi Warden aka tsare shi, daga baya aka bar shi da ransa bisa sharaɗin ya bar ƙasar. A 1799 ya sauka Amurka.

To, a nan ne labarin ya fi burge ni. Mutumin nan bai zauna yana kukan zalunci ba. Koyarwa ya kama a jihar New York, har Janar John Armstrong ya ɗauke shi malamin 'ya'yansa. Da aka naɗa Armstrong jakadan Amurka a Faransa a 1804, sai hanyar Paris ta buɗe masa. Can ya zama ƙaramin jakada, yana bin kadin jiragen ruwan Amurkawa da gwamnatin Napoleon ke ƙwacewa.

Amma fa kujerar gwamnati ba ta da amana. Suka ɓata da Armstrong, aka sauke shi a 1810. Da goyon bayan tsohon shugaba Thomas Jefferson, Shugaba Madison ya mayar da shi a 1811. Bayan rasuwar jakada Joel Barlow a 1812, Warden ya ɗauki kansa a matsayin babban wakilin Amurka a Paris, abin da ya jawo masa rigima da abokan aiki. A 1814 aka sake sallamarsa, kuma bai ƙara komawa ba. A ganina, a nan yana da nasa laifin. Ba kowace faɗuwa ce makircin maƙiya ba.

Abin da ya rage masa shi ne alƙalami. Tun 1810 ya fassara littafin Henri Grégoire daga Faransanci zuwa Ingilishi, littafin da ya kawo hujjoji kan basirar baƙar fata, da misalan mutane irin su Olaudah Equiano, a zamanin da ake sayar da 'yan Afirka kamar dabbobi. A 1813 ya fitar da littafi kan aikin ƙananan jakadu, a 1819 kuma ya wallafa bayanin ƙasar Amurka cikin mujalladi uku. Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta karɓe shi a matsayin mamba. Littattafan da ya tara kuwa, kashi ɗaya ya koma Jami'ar Harvard, wani kashin ya koma ɗakin karatu na jihar New York. Ya rasu a Paris a 1845.

Ku duba fa: an raba shi da ƙasarsa, an raba shi da muƙami har sau biyu, amma babu wanda ya iya ƙwace abin da ke cikin kansa. Mu da ke jiran difloma, muna kuma hangen aikin gwamnati kamar shi ne ƙarshen duniya, ya kamata mu tsaya a nan. Mu yi gwagwarmaya kan haƙƙinmu, wannan dole ne. Amma kar mu bari ta cinye mana karatu, domin ranar da taro ya watse, kowa da abin da ya iya zai tashi.