Sardauna da wasan Fives: Ɗan Rabah da bai bar wasan ƙuruciyarsa ba

Idan aka ce maka Sardauna, me ke fara faɗo maka a rai? Na san amsar: rawani, babbar riga, da hoton nan na jikin naira 200. To yau ina so ka hango shi a wani yanayi daban, ya tuɓe riga, gumi na zuba, yana bugun ƙwallo da tafin hannu a jikin bango.

An haifi Ahmadu Bello a Rabah a 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, kakansa kuma Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda hubbarensa ke Wurno. Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya rasu. Ya yi karatun allo, ya yi makarantar lardi a Sakkwato, sannan a 1926 ya shiga Kwalejin Katsina. A can ne ya shahara a wasan Fives, har ya zama kyaftin.

Wataƙila ba ka taɓa ganin wasan ba, don haka bari in kwatanta maka. Asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila ne, kuma Turawa malaman makaranta suka kawo shi Arewa a shekarun 1920. Sunan da aka fi ambata a cikinsu shi ne Hogben. Filin kamar ɗaki yake mai bango uku, babu rufin baya, ga wani ɗan gini da ya fito daga bangon hagu wanda ke karkatar da ƙwallo inda ba ka zata ba. Mutum biyu ke karawa da mutum biyu, da hannu ake bugu, dama da hagu, kuma wanda ya fara kai maki 12 ya ci. A nan Arewa da ƙwallon tanis aka saba bugawa. Abin da ya fi burge ni shi ne, a al'adar wasan ta asali babu alƙali. Idan ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu kafin ka buga, kai da bakinka za ka faɗa.

Riƙe wannan a ranka, mu ci gaba da labari. A 1931 ya kammala Katsina ya koma Sakkwato yana koyarwa a makarantar Midil. A 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah, ya koma garin da aka yanke cibiyarsa. Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, ya nemi sarautar, amma aka ba Abubakar na Uku. Shi kuma aka naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau. A 1943 aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, aka yanke masa hukunci, ya ɗaukaka ƙara a Zariya aka wanke shi. Ka ga mutum ya sha ƙasa sau biyu a bainar jama'a kafin ya cika shekara 35. Da wani ne, da ya naɗe tabarmarsa. Shi kuwa ya koma bakin aiki, ya shiga siyasa, a 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

Ban ce wasa ne kaɗai ya gina shi ba. Akwai tarbiyyar gida, akwai addini, akwai malamai. Amma a ganina, wanda ya shekara biyar yana wasan da ba a cin sa sai da abokin tafiya, wasan da ake faɗuwa yau a dawo gobe a gaisa da wanda ya kayar da kai, ya koyi wani abu da littafi ba ya koyarwa.

Kuma bai yar da wasan don ya zama babba ba. Yana Firimiya a Kaduna yana bugawa, ya yi maganarsa a littafin tarihin rayuwarsa na 1962, har makarantar Eton ɗin ya je ya buga. Da goyon bayansa wasan ya kafu a makarantu da garuruwan Arewa irin su Sakkwato, Birnin Kebbi, Gusau da Katsina. Sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairun 1966, Allah ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa an ci gaba da gasar Fives da ake kira Kofin Sardauna.

Yanzu mu dawo kanka, ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa. In kana Goronyo ka dawo daga fadama, ko kana Wurno an tashi makaranta, da me kake hutawa? Yawancinmu waya ce, kowa ya sunkuyar da kai shi kaɗai. Wasu ma sun wuce nan, sun faɗa cacar ƙwallo ta intanet, kuɗin albasa na tafiya a banza, ga haramci. Wasa ba laifi ba ne, amma ka duba irin mutumin da wasanka ke mayar da kai. Yana haɗa ka da mutane? Yana koya maka amsa kuskure ba tare da an tsare ka ba?

Ba sai da filin Fives ba. Dara na nan, langa na nan, ƙwallon yamma na nan. Ka tambayi dattawan unguwarku da suka yi makarantar kwana, da wuya ka rasa wanda ya taɓa buga Fives. In ka dace da shi, ka roƙe shi ya nuna muku, ku samu bango da ƙwallon tanis, ku huɗu kun isa.