Annabi Musa Da Banu Isra'ila: Mutanen Da Aka Ciyar Shekara 40, Da Attajirin Da Ya Hana Zakka

A wannan karo filin namu na tarihin magabata ya yada zango ne a kan Annabi Musa ɗan Imrana, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Babu annabin da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani kamar shi, don kuwa sunan ya zo har sau 136. Da yawanmu mun san labarin sandar da ta zama maciji da na nutsewar Fir'auna tun muna makarantar allo. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne abin da ya biyo bayan an haye teku, alhali nan ne labarin ya fi shafar mai awo da mai tebur a kasuwa.

An haife shi a Masar, a zamanin da Banu Isra'ila, wato jikokin Annabi Yaƙubu, suka koma bayi. Kakanninsu sun shigo ƙasar da mutuncinsu a zamanin Annabi Yusufu, lokacin da yunwa ta koro su daga Kan'ana. Da zamani ya juya, sai Fir'auna ya ɗora musu aikin tubali da gini, ya kuma sa a riƙa yanka jariransu maza ana barin mata. Masana tarihi da dama suna danganta wannan zamani da Ramsis na biyu, wanda ya mulki Masar daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa.

Allah Ya kimsa wa mahaifiyarsa ta sa shi cikin akwati ta jefa a kogin Nilu, Ya kuma yi mata alkawari biyu: za a dawo mata da shi, kuma zai zama manzo. Ruwa ya kai akwatin har gidan Fir'auna. Matar sarki, Asiya, ta hana a kashe yaron. Ya ƙi nonon kowace mace, sai da yayarsa da ke bin sawu ta nuna musu wadda za ta iya, ba su san ita ce uwar ba. Iyayenmu mata, ku dubi wannan: ta jefa ɗa a ruwa da hannunta, aka dawo mata da shi, har ana biyan ta ladan shayar da ɗanta.

Da ya girma, wata rana ya shiga tsakanin wani ɗan ƙabilarsa da wani Bamisire suna faɗa, ya naushi Bamisiren, ajali ya sauka. Ya nemi gafarar Ubangijinsa, ya gudu zuwa Madyana ba guzuri. A bakin rijiyar garin ya tarar da makiyaya sun yi cincirindo, ga wasu ƴan mata biyu can gefe suna tare dabbobinsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya a Abala ko Sanam cikin bazara ya san yadda abin yake: masu ƙarfi da manyan garkuna su ke fara ja, mace kuwa sai ta jira a watse. Musa, baƙo, ga gajiya ga yunwa, ya kama guga ya shayar musu, bai nemi ko dala ba, ya koma inuwa ya kai wa Allah kukan buƙatarsa. Cikin wannan guga ya samu masauki da aiki da mata, don mahaifin ƴan matan ya aura masa ɗaya a kan ya yi masa kiwo shekara 8, in ya so ya cika 10.

A hanyar komawarsa Masar ne, a kwarin Ɗuwa kusa da dutsen Ɗuri, Allah Ya yi magana da shi, Ya aike shi ga Fir'auna tare da ɗan'uwansa Annabi Haruna. Masar ta sha fari da ambaliya da fara da ƙwarƙwata da kwaɗi da jini. Mu da muka ga abin da fara ta yi wa gonakin Kurfai a 2004, da yadda kuɗin buhun hatsi ya ninka a 2005, ba sai an yi mana dogon bayanin wannan ayar ba. Ƙarshe dai teku ta tsage, Banu Isra'ila suka haye, Fir'auna da rundunarsa suka nutse. Ranar ce ake tunawa da azumin Ashura, 10 ga Muharram.

To, daga nan ne wahalar Annabi Musa ta sake sabon salo, don yanzu ba da Fir'auna yake fama ba, da mutanensa ne. Ƙafafunsu ba su gama bushewa ba suka wuce wasu mutane masu bautar gumaka, suka nemi a yi musu nasu su ma. Suka yi kukan ƙishi, aka ce ya bugi dutse da sandarsa, idanun ruwa 12 suka ɓuɓɓugo, kowace ƙabila da mashayarta, ba turereniya. Rana ta dame su, aka yi musu inuwa da girgije. Suka yi kukan yunwa, aka saukar musu da mannu, wani abu mai zaƙi kamar zuma da suke tsinta da safe, da kuma salwa, ɗan tsuntsu mai nama. Ba noma, ba sussuka, ba daka. Amma sai suka ce sun gaji da abinci iri ɗaya, su dai a fito musu da ganyen miya da kokwamba da tafarnuwa da adas da albasa, wato irin kayan lambun da ake kasawa a kasuwanninmu daga fadamun Dallol Boso.

Akwai wani abu game da mannun nan da ya kamata ƴan kasuwar hatsi su ji. An umarce su kowa ya ɗebi na yininsa kawai, sai ranar jajiberin Asabar da ake ɗibar na kwana biyu. Attaura ta nuna wasu ba su yarda gobe ma zai sauko ba, suka ɓoye, da gari ya waye abin ya yi tsutsa yana wari. Kada a ɗauka ajiya ce laifi. Rumbu ba haram ba ne, Annabi Yusufu ma da ajiyar shekara bakwai ya ceci Masar. Laifin shi ne rashin yarda da Mai bayarwa. Kuma tsakanin manomin da ya cika rumbu don iyalinsa da wanda ya kulle sito cikin watan bakwai yana jiran tiya ta ƙara tsada, ga maƙwabta suna cin tafasa ba ƙuli, akwai rata mai nisa.

Mafi girman laifinsu ya zo ne lokacin da Annabi Musa ya tafi dutse ganawa da Ubangijinsa dare 40. Kafin ya dawo da allunan Attaura, wani mai suna Samiri ya narka kayan adon zinariyar da suka fito da su daga Masar, ya ƙera ɗan maraƙi mai kuka, suka dukufa a kansa duk da gargaɗin Haruna. Tubar da aka ɗora musu mai tsanani ce, har da zubar da jinin masu laifin, amma an karɓa. Mutum 70 da ya zaɓa suka ce ba za su yarda ba sai sun ga Allah ƙuru-ƙuru, tsawa ta kama su, aka sake rayar da su. Da aka kai bakin ƙasa mai tsarki aka ce su shiga, suka ji tsoron mazaunanta, suka ce shi da Ubangijinsa su tafi su yi yaƙin, su suna nan zaune. Aka haramta musu ita shekara 40, suna ɗimuwa a jeji. Duk da haka abinci bai yanke ba, shekara 40 ɗin nan mannu suke ci. Da ɗayanmu ne yake ciyar da mutanen da suka yi masa rabin wannan, da tuni ya kife tukunya. Ba halinsu aka duba ba. Alkawari ne da aka yi wa kakanninsu Ibrahim da Ishaƙu da Yaƙubu, kuma Mai alkawarin ba Ya saɓawa.

Sai dai alkawarin yana da nasu ɓangaren. Suratul Ma'ida ta nuna an naɗa musu shugabanni 12, aka ce Allah Yana tare da su muddin sun tsai da salla, sun ba da zakka, sun gaskata manzanni. Suratul Baƙara ta haɗa da kyautata wa iyaye da dangi da marayu da miskinai. Cikin dokokin Attaura akwai fidda ɗaya bisa goma na amfanin gona, da hana mai gona girbe gefen gonarsa ko komawa kala, a bar wa talaka da baƙo.

A nan ne Ƙaruna ya shigo. Mutumin Annabi Musa ne, malaman tafsiri da yawa ma sun ce ɗan baffansa ne. Mabuɗan taskokinsa kaɗai sai sun nauyaya wa tarin ƙarfafan maza. Mutanensa suka yi masa nasiha ya kyautata kamar yadda Allah Ya kyautata masa, ya nuna musu cewa shi da iliminsa ya tara abinsa. Imam Ɗabari ya kawo ruwayar cewa da zakka ta sauka, Annabi Musa ya daidaita da shi a kan dinari ɗaya cikin kowane dubu. Ya koma gida ya buga lissafi, ya ga jimillar ta yi masa yawa, ransa ya ƙi. Don ya kuɓuta sai ya biya wata mata ta yi wa Annabi Musa ƙazafi a gaban jama'a, amma da aka haɗa ta da Allah ta faɗi gaskiya. Ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, kuma waɗanda jiya suke burin matsayinsa da ya fito cikin adonsa suka wayi gari suna godiya da ba su ba ne. Masu maraƙi sun tuba an karɓa, shi kuwa lissafi ya kai shi ƙasa.

Lissafin nan har yau yana aiki. Manomi mai dami 50 yakan ware biyar tun a gona ba tare da dogon tunani ba, amma Alhajin da jarinsa ya kai miliyoyi, in ya ga adadin a takarda, sai hannu ya yi nauyi. Alhali abin a fili yake a mazhabarmu ta Malikiyya. Hatsin damina in ya kai wusuƙi 5, wato mudun Annabi 1,200, ɗaya bisa goma ne, wanda aka yi wa ban-ruwa da guga ko inji kuwa ɗaya bisa ashirin. Awaki ko tumaki 40 ana fidda ɗaya, shanu 30 maraƙi ɗaya, raƙuma 5 akuya ko tunkiya ɗaya, masu kai dabbobi Baleyara ranar Lahadi sun san wannan. Kuɗi in sun kai kimar dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, suka shekara, jika ɗaya ce cikin kowace jika 40. Mai kanti da kayansa ke juyawa kullum zai ƙiyasta su sau ɗaya a shekara ya haɗa da kuɗin hannu ya fitar, wanda ya saya ya ajiye yana jiran kasuwa kuwa sai ranar da ya sayar. Ita kuwa mai ƙosai ko mai tallar fura da jarinta bai kai nisabi ba, babu zakkar dukiya a kanta, amma ƙofar sadaka a buɗe take, ko da gyara ce ga marayan da aka aiko da kuɗin da ba su cika ba. Annabi Musa ma a rijiyar Madyana ba shi da komai sai ƙarfin damtse.

Haruna ya riga shi rasuwa a cikin jejin nan. Shi kansa Annabi Musa, bayan duk wannan ɗawainiya, bai taka ƙasar da ya fito da su dominta ba. Attaura ta ce ya hange ta daga dutsen Nebo, wanda yake cikin ƙasar Jodan ta yau, ya rasu yana da shekara 120. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna ya roƙi a kusantar da shi ga ƙasa mai tsarki gwargwadon jifar dutse, kuma kabarinsa yana gefen hanya kusa da wani jan tudun rairayi. Yaronsa Yusha'u ɗan Nunu ne ya gaje shi, ya haye kogin Jodan da ƴaƴan waɗanda suka ce suna nan zaune, suka shiga ƙasar.