Matilda: 'Yar Sarkin Ingila Da Gidan Ubanta Ya Zame Wa Mijinta Mafaka

A shekarar 1156 aka haifi Matilda, babbar 'yar Sarki Henry na Biyu na Ingila da matarsa Eleanor ta Aquitaine. Ita ce yayar Richard da John, waɗanda kowanensu ya hau gadon sarautar Ingila daga baya. Ba ta cika shekara 12 ba aka ɗaura mata aure a majami'ar Minden da ke Jamus, ranar 1 ga Fabrairun 1168, da Henry mai laƙabin Zaki, mutumin da ya girmi mahaifinta.

Auren siyasa ne tsantsa. Zaki na riƙe da sarautar Duke, wadda ke ƙasa da ta sarki, a manyan yankuna biyu, Saxony da Bavaria, kuma in ka ɗebe Sarkin Sarakuna Frederick Barbarossa babu mai ƙarfinsa a Jamus. Da ya tafi ziyarar Ƙudus a 1172, Matilda ce ta zauna a fadarsa ta Brunswick, a shekarar da ta haifi 'yarta ta fari, Richenza.

Ƙarfin nan shi ya ja wa gidan masifa. A 1176 Zaki ya ƙi kai wa Barbarossa ɗauki a yaƙinsa da biranen arewacin Italiya, aka kuwa ci Barbarossa da yaƙi a Legnano. Bai manta ba. A 1180 aka tuɓe Zaki daga sarautun biyu, a 1182 aka kore shi daga ƙasar. A nan ne amfanin auren ya fito fili: mutumin da jiya sarakuna ke shakkarsa ya koma cin arzikin surukinsa, ya kwashi mata da 'ya'ya zuwa Normandy, daga nan Ingila. Matilda ta haifi autanta William a Winchester a 1184, kafin iyalin su koma Jamus a 1185.

Zaman bai daɗe ba. A 1189, da Barbarossa ya yi shirin fita yaƙin Ƙudus, bai yarda ya bar Zaki a bayansa ba, sai aka sake tura shi gudun hijira. Wannan karon Matilda ba ta bi shi ba. Ta tsaya a Brunswick tana tsare abin da ya rage wa gidan, kuma a can ta rasu a watan Yunin wannan shekara, tana da shekara 33, kwanaki kaɗan kafin rasuwar mahaifinta. An binne ta a majami'ar da mijinta ya gina, shi ma a gefenta aka sa shi a 1195.

Ɗanta Otto, wanda ya tashi a hannun kawunsa Richard, ya kai ga naɗin Sarkin Sarakuna a 1209, sai dai kashin da ya sha a hannun Faransa a Bouvines a 1214 ya karya shi. William kuwa, wanda aka haifa a gudun hijira, bai yi suna kamar yayansa ba, amma daga tsatsonsa gidan sarautar Hanover ya fito. Daga wannan gida ne George na Ɗaya ya hau gadon Birtaniya a 1714, shekara 525 bayan rasuwar Matilda.