Anna Thynne, Matar da Ta Yi Kiwon Murjani a Falonta

'Yan'uwa mata, da wuya a sami wadda ba ta san murjani ba a cikinmu, ko ta ɗaura shi a wuya ko ta gan shi cikin kayan amarya. Amma kaɗan ne suka san cewa asalinsa dabba ce mai rai da ke zaune a ƙarƙashin teku, dutsen da muke ado da shi kuwa ƙashinta ne. Yau za mu ba ku labarin wata mata da ta ɗauko wani irin murjani da ransa, ta kai shi tsakiyar birnin Landan, ta yi kiwonsa har shekara uku da wani abu.

An haifi Anna Beresford a 1806. A 1824 ta auri Lord John Thynne, wani babban limami a cocin Westminster, suka zauna a wani gida da ke jikin cocin, ta haifi 'ya'ya da yawa. Tun da can tana da sha'awar nazarin duwatsu, har ta saba ganin ƙasusuwan murjanin dā da suka daskare a cikinsu. Ba ta ga mai rai ba sai a 1846, lokacin da suka je hutu garin Torquay na bakin teku a kudancin Ingila. Nan ta tarar da shi maƙale a jikin dutse, kamar ƙaramin kofi, yana miƙa 'yan yatsunsa masu laushi yana kama abinci. Sai ta ƙudura lalle da shi za ta koma gida.

To, ina dabara? Tafiya ce mai nisa, in suka yi ta karo da juna za su farfashe. Sai ta ɗauki allura da zare ta ɗinke su ɗaya bayan ɗaya a jikin babban soso, ta sa cikin tulun gilashi cike da ruwan teku, ta ɗaure bakin tam. Haka suka isa Landan lafiya lau.

Aikin gaske sai bayan an iso. Abinci dai bai ba ta wuya ba, jatan lande take yanka musu ƙanana. Ruwan ne matsala, domin in ya daɗe a kwano iskar da ke cikinsa takan ƙare, dabbar ta mutu. Da farko sai an yi mata aiken sabon ruwa daga teku tana canzawa bayan kwana bibbiyu. Da ta ga ɗawainiyar ta yi yawa, sai ta sa a riƙa sheƙa tsohon ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban buɗaɗɗiyar taga, kamar yadda ake fifita kunu, har rabin awa ko fiye, don iska ta sake shiga. Wata 'yar aikinta ce ke wannan sheƙa. A ganinmu yarinyar nan tana da babban kaso a cikin yabon, domin duk wadda ta taɓa fifita kunun gidan yawa ta san abin da hannu ke ji.

A 1847 ta sa aka kawo mata duwatsu da ciyawar teku ta zuba a cikin kwanukan. Tsiro yana fitar da iskar da dabba ke shaƙa, shi kuma yana amfani da wadda ta fitar, saboda haka zaman ya ƙara daidaita. Wannan ya sa ake lissafa ta a matsayin wadda ta fara riƙe dabbobin teku a Landan na tsawon lokaci haka. Gidan kifi na gidan namun dajin birnin sai a 1853 aka buɗe shi.

Daga baya ta ci gaba da nazari a Tenby, cikin yankin Wales, tana rubuta abin da ta gani da kwanan watansa. A nan ta ga abin mamaki: dabba ɗaya sai ta miƙe, ta tsage gida biyu ko fiye, kowane ɓangare ya warke ya yi bakinsa ya zama cikakkiyar dabba. Waɗannan masu tsagewa ba su yi ƙashi ba, har masani Philip Gosse ya ɗauka wasu dangin murjani ne masu laushin jiki. Ta hannunsa aka buga rubutun nata a wata mujallar masana a 1859.

Masu kiwon murjani mai laushi a gidaje a yau wannan hali na warkewa suke bi. Sukan yanki ɗan reshe da reza, su ɗaure shi a jikin dutse, wasu ma har yanzu da allura da zare, bayan 'yan makonni ya kama ya tsiro. Sheƙar ruwa kuwa famfon lantarki ya karɓa.

Anna Thynne ta rasu a 1866. Sunanta ya daɗe a ɓoye bayan na Gosse, sai a 2003 wata marubuciya, Rebecca Stott, ta fitar da littafi a kan rayuwarta.