SHEHU ABDULLAHI ƊAN FODIYO: MALAMIN DA YA RUBUTA WA MASU TSARON DOKA DOKA

A wannan fitowa za mu duba tarihin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Da yawanmu mun san shi a matsayin mai tafsiri, amma ba kowa ya san irin gudummawar da ya bayar wajen tsara aikin alƙali da ɗan doka da mai hisba a ƙasar Hausa ba.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haife shi wajen shekarar 1766. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Ƙane ne ga Shehu Usmanu, wanda ya girme shi da kimanin shekara 12. A wajen mahaifinsu ya karanta Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 sai aka damƙa shi a hannun yayansa. Ya yi karatu kuma a wajen wasu malamai, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Mu mata muna da abin tunawa da shi tun yana saurayi. Lokacin da Shehu yake yawon wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki yadda mata suke halartar majalisinsa. Abdullahi aka sa ya mayar da amsa, yana ɗan kimanin shekara 20. Ya nuna cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi fitowarsu neman ilimi illa, muddin an kiyaye ladubba.

JIHADI DA TAFIYARSA KANO

Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, shi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a, kuma shi ya jagoranci runduna a yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekarar. A 1805 ya ci Birnin Kebbi. To amma nasara ta zo da nata jarrabawar. Malamai da yawa sun yi shahada, cikin waɗanda suka rage kuma ya ga son sarauta da dawakai da tufafin alfarma ya fara shiga zukata. Abin ya dame shi ƙwarai, har wajen shekarar 1807 ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina.

Da ya iso Kano sai mutanen gari suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Nan ya zauna yana karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, wato hasken mahukunta. Daga nan ya fasa tafiyar, ya koma wajen Shehu.

ABIN DA YA KOYAR GAME DA TSARON DOKA

A tsarin da malaman jihadi suka shimfiɗa, ba a tara komai a hannun mutum guda ba. Akwai waziri mai ba shugaba shawara, akwai alƙali mai yanke hukunci, akwai shugaban 'yan doka mai kamo masu laifi da ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa, akwai mai tara haraji. Sannan ga mai hisba, wanda aikinsa kula da kasuwa da hanyoyi: duba mudu da sikeli, hana algus irin su zuba wa madara ruwa, da hana tare hanyar jama'a.

Shehu Abdullahi ya tsananta a kan abu biyu. Na farko, ba a naɗa mutum don ɗan'uwa ne ko don ya biya, sai don iliminsa da amanarsa. Na biyu, abin da ake kai wa mahukunci da sunan kyauta saboda muƙaminsa bai halatta gare shi ba. Kin ga ke nan abin da muke kira na goro ba sabon ciwo ba ne, kuma tun shekara 200 da suka wuce an faɗi hukuncinsa.

Game da wanda ake tuhuma kuwa, malaman Malikiyya da ya dogara da littattafansu, irin su Ibn Farhun, sun kasa shi uku. Mutumin da aka sani da kirki ba a wulaƙanta shi don zargi kawai. Wanda ya yi ƙaurin suna da ɓarna ana iya tsare shi a matsa bincike. Wanda ba a san halinsa ba kuma a riƙe shi gwargwadon abin da za a gano gaskiya. Babu inda aka ce a kwashe samarin unguwa gaba ɗaya don an yi sata a layi.

Shi ma mai hisba an gindaya masa sharuɗɗa. Dole ya san abin da yake hanawa, kada ya leƙa asirin gidajen mutane, ya fara da sanarwa da nasiha kafin tsanani, kuma kada gyaransa ya haifar da ɓarnar da ta fi wadda ya tarar.

ƘARSHEN RAYUWARSA

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, abin da ya jawo 'yar tsama tsakaninsu na wasu shekaru. Sai a yaƙin Kalambaina, da Bello ya kawo masa ɗauki, Abdullahi ya yi wa ɗan yayan nasa mubaya'a, ga shi kuwa ya girme shi, ya kuma karantar da shi. Sauran rayuwarsa ta ƙare a karantarwa da rubutu. Cikin littattafansa akwai tafsirin Liya'ut Ta'awili da Tazyinul Waraƙati. Ya rasu a Gwandu a 1829, kuma Nana Asma'u, 'yar yayansa, ta yi masa marsiyya. Allah Ya jiƙansa da rahama.

DAGA DOGARAI ZUWA YAU

A fadojin sarakuna dogarai ne suka ci gaba da kamawa da tsarewa. Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, sannu a hankali aka kafa 'yan gadi da 'yan dokan En'e. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama 'yan sandan Nijeriya. Su kuma 'yan dokan En'e an shigar da su cikin wannan runduna a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. A nan Kaduna muna da kwalejin horar da 'yan sanda, Kano kuma ta kafa Hukumar Hisba a 2003. Kaki ya canza, suna ya canza, amma tambayar Shehu Abdullahi tana nan: wa aka damƙa wa wannan amana, kuma wa yake lura da shi?

DARASI GARE MU

'Yar'uwa, ɗan sandan da ke bakin titi ɗan wata ce, mijin wata ne. In mijinki mai kaki ne, ki riƙa tambayar inda kuɗin cefane ya fito, kada ki matsa masa da buƙatun da albashinsa ba zai ɗauka ba. In kina saye da sayarwa, a cikin gida ne ko a Kasuwar Barci ko ta Kawo, to ki zama mai hisbar kanki, mudunki ya cika. In ɗanki ya shigo da waya ko kayan da ba ki san asalinsu ba, kada so ya rufe miki baki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kuma an kama naki bisa zalunci, ki sani neman haƙƙi ta hanyar doka ba rashin kunya ba ne.

Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.