Prokudin-Gorsky: Mutumin Da Ya Ɗauki Hoton Daula Tana Gab Da Rushewa

Duk ɗalibin Hadisi a ƙasar Hausa ya san sunan Bukhara albarkacin Imamu Bukhari, ko da bai san inda take a taswira ba. Amma kaɗan ne suka san cewa sarkinta na ƙarshe, Muhammad Alim Khan, yana da hoto mai launi tun 1911. Ga shi nan zaune da farin rawani, riƙe da takobi, cikin shuɗiyar riga mai zanen furanni, sai ka ce jiya aka ɗauka. Wanda ya ɗauki hoton, Sergei Prokudin-Gorsky, shi nake son mai karatu ya sani.

An haife shi a 1863 a lardin Vladimir na ƙasar Rasha, ya kuma yi karatun kimiyyar sinadarai. A 1902 ya tafi Jamus wurin Adolf Miethe don koyon ɗaukar hoto mai launi. Dabarar ita ce a ɗauki abu guda sau 3 a jere a kan farantin gilashi, ta cikin matatar haske ja, da kore, da shuɗiya, sannan a haska ukun a tare a kan farin allo, sai launi ya bayyana. Sharaɗinta kada a motsa. Shi ya sa a wasu hotunan za ka ga yaron da ya kasa tsayuwa wuri guda ya fito da inuwa kala-kala.

Hoton marubuci Tolstoy da ya ɗauka a 1908 ya ƙara fito da sunansa. A 1909 Sarki Nikolas na Biyu ya ba shi taragon jirgin ƙasa mai ɗakin wanke hoto, da takardun izinin shiga ko'ina. Daga nan har cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana yawo: manoma, masallatan Samarƙand, ma'aikatu, gadoji, har fursunonin yaƙi a hanyar jirgin Murmansk. Burinsa 'yan makaranta su ga ƙasarsu da idonsu.

Hakan bai yiwu ba. Juyin juya-halin 1917 ya tafi da sarautar, shi kuma ya bar Rasha a 1918, ya bi ta Norway da Ingila ya zauna a Faransa. Jajayen Dakaru suka kori Sarkin Bukhara a 1920, ya tsere Afganistan. Ikon Allah, shekara guda suka mutu, 1944: sarki a Kabul, mai hoto a Faris. A 1948 ɗakin karatun Majalisar Dokokin Amurka ya sayi farantai kimanin 1,900 daga magadansa, aka haɗa launukansu da kwamfuta, aka baje kolinsu a 2001. Yau ko Turawan nan masu wasan jera 'yan sojojin dalma a kan tebur, suna kwaikwayon yaƙin basasar Rasha, in suna neman launin tufa ko gini na wancan zamani, ga shaida a gabansu.

Ni dai a matsayina na mai nazarin harshe, kuma ɗan Babura, abin da ke tsaya mini a rai daban ne. Bukhara ta 1911 masarauta ce ta Musulmi a ƙarƙashin baƙin masu mulki, kamar yadda Kano da Kazaure suka kasance bayan 1903. Hotunan sarakunanmu na wancan lokaci baƙi da fari ne, sai muka dogara da kalma wajen sanin launi, alhali kalma ba ta riƙe shi yadda ido ke riƙewa. Ɗauki rawani ɗan Kura. Bahaushe na ce masa baƙi, tsohon hoto ma baƙi zai nuna shi. Amma wanda ya taɓa riƙe shi ya san shuɗi ne mai duhu, wanda ya sha baba a marina, ya sha bugu har yana walƙiya, yana kuma barin shuni a goshin mai naɗa shi.