Charles Darwin da Wutsiyar Ɗawisu

Duk wanda ya taɓa ganin ɗawisu ya baza wutsiyarsa ya san abin kallo ne. To, amma mene ne amfaninta gare shi? Ga ta da tsawo, ga ta da ɗaukar ido, maƙiyi na iya hango shi tun daga nesa. Matarsa kuwa ba ta da irin wannan ado ko kaɗan. Wannan tambaya ta daɗe tana damun wani masani Baturen Ingila mai suna Charles Darwin, wanda zan ba ku taƙaitaccen tarihinsa.

An haifi Darwin ran 12 ga Fabrairu, 1809, a garin Shrewsbury. Mahaifinsa likita ne mai wadata, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana ɗan shekara 8. A 1825 aka tura shi Jami'ar Edinbara don ya gaji ubansa, amma ya kasa jure ganin yadda ake yi wa mutane fiɗa, domin a lokacin babu maganin sa barci. Daga nan aka mai da shi Kambirij da niyyar ya zama limamin coci. Can ma hankalinsa na wajen tara ƙwari da duwatsu.

A watan Disamba na 1831 ya shiga jirgin ruwa mai suna Beagle, aka yi kusan shekara 5 ana zaga duniya. Ya ga gaɓar Kudancin Amurka da tsibiran Galapagos, ya tara dabbobi da tsirrai masu yawa. Bayan ya komo ya auri 'yar kawunsa Emma a 1839, suka haifi 'ya'ya 10, uku suka rasu suna ƙanana. Ya zauna a wani ƙauye kusa da Landan yana fama da yawan rashin lafiya, yana kiwon tattabaru, yana rubutu.

A 1859 ya fitar da littafinsa a kan yadda jinsunan halittu ke sauyawa sannu a hankali. Bayaninsa shi ne, halittar da ta fi dacewa da inda take zaune ita ta fi rayuwa ta bar zuriya. Littafin ya ta da ƙura ƙwarai, musamman tsakaninsa da waɗansu malaman coci. Amma shi abin da ya tsaya masa a rai shi ne ɗawisu, don wutsiyar nan ba ta taimakon mai ita wajen neman abinci ko tsere wa maƙiyi. A wata wasiƙa ta 1860 ya nuna cewa ko ganin gashin ma ɓata masa rai yake yi.

Amsarsa ta fito a littafinsa na 1871. Ya ce tsawon rai kaɗai bai isa ba, sai dabba ta sami abokiyar haihuwa. Wannan kuwa ta hanya biyu ake samunsa. Ta farko, maza su gwabza a tsakaninsu, kamar yadda raguna ke karo ko zakaru ke faɗa, shi ya sa suke da ƙaho da ƙarfin jiki. Ta biyu, mace ta duba ta zaɓa. In matan ɗawisu sun fi son mai kyan wutsiya, shi zai fi yawan 'ya'ya, su kuma su gaji adonsa, a haka abin ke ƙaruwa zuriya bayan zuriya.

Masanan zamaninsa sun yarda da hanya ta farko, amma da yawa suka ƙi ta biyu. Ko abokinsa Alfred Wallace bai yarda tsuntsuwa na da irin wannan zaɓi ba. Shi kansa Darwin bai kuɓuta daga tunanin zamaninsa ba, gama ya rubuta cewa maza sun fi mata basira, maganar da ilmi bai tabbatar ba. Ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1882, aka binne shi a cocin Westminster kusa da Isaac Newton, ba tare da ya ga an karɓi ra'ayinsa a kan zaɓin mace ba.

Sai bayan shekara 100 cif, watau a 1982, wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Malte Andersson, ya ba da sakamakon gwajin da ya yi a Kenya a kan wani tsuntsu mai doguwar wutsiya irin ta zalaidu. Ya rage wa waɗansu maza wutsiya, ya liƙa wa waɗansu ƙari. Waɗanda aka yi wa ƙari su suka fi samun mata masu yin sheƙa a yankinsu. Har wa yau, masanan baya sun gano cewa abin da ke amfanin namiji wani lokaci cuta ne ga mace. A dajin Serengeti na Tanzaniya, in sababbin zakuna suka ƙwace garke sukan kashe ƙananan 'ya'yan da suka tarar, don iyayen su yi saurin haifa musu nasu, su kuwa matan sukan haɗu su kare 'ya'yansu.

'Yan'uwana ɗalibai, Darwin bai rufe ido ga abin da ya saɓa wa bayaninsa ba, ya bi shi shekara da shekaru har ya sami amsa. In kun koma gida hutu, ku tsaya ku dubi zakara da kaza, ku lura da wanda ke yin rawa da wadda ke yanke hukunci.